Salsalar dangi a intanet: tambayoyi da amsoshi ga mai neman asalinsa daga Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da masu bin diddigin asalin gidansu suka fi yi, musamman waɗanda aka haifa a Tudun Wada, Kawo, Rigasa, Kakuri ko Unguwar Rimi, sun san sunan garin da kaka ya fito amma ba su taɓa kwana a can ba.

Na ga sunan kakanmu a wata bishiyar zuriya a intanet, har an kai salsalar kaka goma sha biyu baya. In kwafa?

Dakata tukuna, ka fara sanin wanda ya rubuta. A shafin salsala na FamilySearch bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mai rajista yana iya canza sunan mamaci, ko shekararsa, ko ma ya canza masa uba. A shafukan Ancestry da MyHeritage kowa yana gina tasa, amma manhajar tana yi masa tayin sunaye daga bishiyoyin wasu, da dannawa ɗaya sai ya kwaso gida guda ya liƙa wa nasa. Babu ma'aikacin da ke zaune yana tantance kowane suna kafin ya hau.

Saboda haka ka buɗe sunan kakan naka, ka duba abin da aka jingina da shi. Takarda ce da za ka iya gani? Hira ce da wani dattijo da aka faɗi sunansa da ranar da aka yi ta? In abin da ka tarar shi ne an ɗauko daga bishiyar wane, to babu hujja ke nan. Ka rubuta sunayen a takarda daban, ka ɗauke su a matsayin abin da za ka je ka tambaya.

Amma shafuka biyar na duba, duk abu ɗaya suka kawo. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Mutum biyar da suka ji labari daga baki ɗaya, shaida ɗaya ce. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke bin isnadi su ga ko hanyoyin duk a kan mutum ɗaya suka haɗu. Ana fitar da bishiya ɗungurungum a fayil ɗin da ake kira GEDCOM a ɗora a wani shafin cikin 'yan mintoci, da daidai da kuskure duka. Alamar kwafe ita ce kuskure iri ɗaya: in duk biyar ɗin sun rubuta sunan ƙauyenku a karkace, karkacewa iri ɗaya, to uwa ɗaya ta haife su.

Wane kuskure ne ya fi yawa a salsalar Hausawa?

Na suna, kuma ya kasu biyu: a raba mutum ɗaya ya zama huɗu, ko a haɗe mutum biyu su zama ɗaya.

A ce kakanka sunansa na yanka Abubakar, mahaifinsa Usman. A gida Garba ake ce masa. A takardar aikin reluwe an rubuta Garuba Zaria. A littafin haraji Garba ɗan Shehu ne, tunda Shehu ake ce wa Usman. Surukansa kuma, saboda alkunya, ba su taɓa kama sunansa ba, Malam Babba suke cewa. Wanda bai san gidan ba in ya tattara waɗannan, sai ya zana 'yan'uwa huɗu. Haka Umaru yake zama Sanda, Ibrahim Iro, Abdullahi Audu, Yusufu Maitama, Hauwa'u Kulu, Fatima Binta, A'ishatu Indo, Hadiza Dije.

Ɗaya ɓangaren ya fi ɓarna. Mukan mayar wa jariri da sunan kakansa, don haka salsala ta gaskiya tana iya zama Abubakar ɗan Usman ɗan Abubakar ɗan Usman. Manhaja in ta ga haka sai ta zaci maimaici ne, ta yi tayin haɗewa. Ka amsa mata, zuriya biyu sun ɓace, jika ya zama kakan kansa. Irin wannan ne ke haifar da mutumin da aka haifa a 1860 kuma ya yi aiki a masaƙar Kakuri, wadda sai 1957 aka buɗe ta.

Sai gurbin sunan iyali da shafukan suke tilasta wa mutum ya cika. Mu a al'ada ba mu da sunan gida da ake gada har abada. Sunan uba ake sawa, ko sunan gari. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk garuruwa ne a ƙarshen sunayensu. Manhaja ba ta san haka ba, ta ga Zaria biyu sai ta ce 'yan gida ɗaya ne. Sarauta ma haka: Madaki ko Galadima ko Liman muƙami ne, wanda ya riƙe a 1920 ba lallai ya haɗa jini da na 1950 ba.

Maganin shi ne kowane mutum ka ba shi shafi guda, ka rubuta sunan yanka, laƙabi, sunan alkunya, sunan uba, sunan uwa, sana'a da unguwa. Kada ka haɗe mutum biyu sai aƙalla abu uku sun dace, kuma sunan uwa ko na mata yana ciki.

Wasu sunayen kuwa taimako suke yi. Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu suna nuna jerin haihuwa. Gambo yana bin tagwaye, Tanko namiji ne bayan mata, Kande mace ce bayan maza, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a aka haife su. Sai dai ka tambaya, domin wani Sanin takwara aka yi wa, ba na biyu ba ne.

Shekarun haihuwa fa? Kakanninmu ba su da takarda.

A 1992 aka yi dokar wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Nijeriya ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Manya da yawa da takardar rantsuwar shekaru suke amfani, wadda aka yi a kotu don neman aiki ko makaranta ko fasfo, wani ya rage, wani ya ƙara. Duk inda ka ga 1 ga Janairu, ka ɗauka cike gurbi ne sai in an tabbatar maka. In kuma bishiya ta kawo rana da wata ga manomin da aka haifa kafin zuwan Turawa, ka nemi a nuna maka inda aka rubuta. Galibi shaci-faɗi ne.

Tsofaffi da abin da ya faru suke ƙirga shekara, kai ma ka bi su ta nan. Turawa sun shiga Zariya a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. Yaƙin Satiru 1906. Babbar yunwar da wasu ke kira Kakalaba 1913 zuwa 1914. Annobar mura 1918. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956. Kisan Sardauna Janairun 1966. Canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. In kaka ta ce tana goyon babanka aka kashe Sardauna, ka rubuta "wajen 1964 zuwa 1966", ka rubuta dalilin a gefe. Wannan ya fi shekara guda tak da ba ta da tushe.

In a bayan Alƙur'ani ko wani littafi ka tarar da shekarar Hijira, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1320 za ta ba ka 1902. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. Kuskuren da ake yi shi ne a cusa 1320 a gurbin shekara yadda take, sai kaka ya koma ƙarni na sha huɗu.

Bayan nan ka yi ɗebewa tsakanin kowane ɗa da iyayensa. Uwa 'yar shekara 8 ko 60 ba ta yiwuwa. Ɗan da aka haifa shekara biyu bayan rasuwar ubansa, akwai abin dubawa. A ɓangaren maza kuwa kada ka yi saurin ƙaryatawa, domin a gidan mata da yawa tazara tana yin tsawo. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Sardauna Ahmadu Bello ɗan Ibrahim ne, ɗan Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu. Haihuwa huɗu cikin shekara 155 da ɗoriya, kusan 39 kowace. Shi kansa Sardaunan, wasu rubuce-rubuce sun ce 1909 aka haife shi, wasu 1910. In mutum irin wannan an saɓa a kansa, to ina ga kakanka mai sayar da goro.

Bishiyar ta ce an haifi kakan babana a Kaduna a 1885.

Da wuya. Kaduna garin gwamna ne, Turawa suka kafa shi. Sai 1917 hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan. Akwai ƙauyukan Gbagyi a wurin tun kafin nan, amma in gidanku ba daga cikinsu yake ba, kakanka zuwa ya yi: aikin reluwe, soja, aikin gwamnati, fatauci, almajiranci, ko masaƙa daga baya. Abin da yakan faru shi ne wani ya rubuta sunan jihar ta yau a gurbin gari.

Ka kula da sauye-sauyen iyaka. Zamanin Turawa yankin Kaduna a Lardin Zariya yake. A 1967 aka yi Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka mayar da sunanta Kaduna, a 1987 aka cire Katsina. Wanda aka haifa a Funtuwa ko Malumfashi ko Daura a 1980, takardarsa Jihar Kaduna za ta ce, alhali bai taɓa taka garin ba. Ka riƙa rubuta ƙauye, gunduma da lardi yadda suke a lokacin.

Ta yaya zan ɗauki bayani daga tsofaffi ba tare da na ɓata shi ba?

Ka jera waɗanda suka fi shekaru, ka fara da wanda ya fi rauni, ba wanda ya fi kusa ba. Ka je wa kowa shi kaɗai, domin in baffa yana zaune gwaggo ba za ta gyara masa ba. Ka riƙe ɗan goro ko turare, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda.

Babban kuskure shi ne ka karanta musu abin da ka gani a intanet tun farko. Tsoho in ka ce, "Baffa, ashe kakanmu Malam wane ne?" zai iya cewa haka ne don kada ya kunyata ka, gobe kuma ya faɗa wa wani a matsayin abin da ya sani. Ka gurɓata rijiyar da za ka sha ke nan. Tambaya a buɗe ake yi: "Hajiya, wa ya haifi babanku? Kin gan shi da idonki? Wa ya ba ki labarinsa?"

Kalmomin zumunci suna da faɗi, sai ka matsa. Baba yana iya zama uba, ko wan uba, ko ƙanensa. In an ce ɗan'uwansa ne, ka tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba, ko 'ya'yan wa da ƙane? Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ɗaki ɗaki: matansa nawa, wace ce uwargida, ɗakinta su wa da wa. Bayan mako biyu ka koma ka sake tambaya, wannan karon daga sama zuwa ƙasa. Inda amsa ta canza, nan ne rauni yake.

Gaban kowane bayani ka sa alama ɗaya cikin uku: ya gani da ido, ya ji daga wanda ya gani, ko an ce. Yawancin gidajen da ba na sarauta ko malanta ba, kaka huɗu zuwa shida suke iya kawowa da tabbaci, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Ni mace ce, ina son bin dangin mahaifiyata, amma sunayen matan ba sa fitowa.

Haka yake, salsalar baka maza take bi. Ki nemi tsofaffin mata, su ne suka san wace aka auro daga ina, wace ta fita, wace ta yi kome. Ki tambayi sunan yanka, domin Inna, Iya, Gwaggo da Yaya ba sunaye ba ne. Ki tambayi wace yarinya aka mayar wa da sunan wace, wannan kan tono sunan da aka manta. Takardar rabon gado ita ce ta fi kowace amfani a nan, tunda dole a lissafa matan mamaci da 'ya'yansa mata da sunayensu. A shafin intanet kuma ki sa mace da sunan mahaifinta, kada ki sa na miji, in ba haka ba auren zumunci zai rikita komai.

Waɗanne takardu zan iya samu a Kaduna?

Ka fara da akwatin gida: takardar rabon gado, ta sayen gida ko gona, rasiɗin haraji, tsohon fasfon aikin Hajji, littafin sallamar soja, takardun fansho, da rubutun da malamai kan yi a bangon littafi. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta a hannun wa takardar take.

Daga nan sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, wanda ke riƙe da fayilolin gwamnatin Arewa. Masu alamar SNP na sakatariyar lardunan Arewa ne, ZARPROF na Lardin Zariya, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato. Kada ka je da sunan kaka kaɗai, domin ba da sunayen mutane aka jera su ba. Ka je da gari, gunduma, lardi da shekarun da kake nema. Littattafan gunduma da rahotannin ƙiyasin haraji sukan kawo hakimai da dagatai, wani lokaci har da salsalarsu. Talaka yakan fito ne in ya yi aikin gwamnati ko shari'a ta bi ta kansa. Ka gwada rubutu iri-iri, domin Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Katsena, Mamadu, Garuba.

Abin lura: salsalar da jami'in Turawa ya rubuta, daga bakin mai riƙe da sarauta a ranar ya ji ta, ta hanyar tafinta. In akwai gidan da ake takara da shi, ba mamaki an taƙaita shi. Tsufan takarda ba ya mayar da ita gaskiya.

Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna a titin Rabah, cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami da takardun tsohuwar gwamnatin Arewa. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, sukan kawo naɗin sarauta da rasuwar manya. Iyalan Kirista, kamar na Wusasa da kudancin jihar, su nemi rajistar baftisma da ta aure a coci. Tana daga cikin 'yan takardun da ke kawo sunan uba da uwa tare da rana.

An ce mu jinin sarautar Zazzau ne. Wasu kuma sun ce mu Sharifai ne.

Yana iya zama gaskiya, amma a nan ne aka fi yin ƙari. Gidajen sarautar Zazzau na Fulani huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarakunan Haɓe da jihadi ya tayar, zuriyarsu ta kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. "Mu 'yan gidan Mallawa ne" tana iya nufin jini ta wajen uba, ko ta wajen uwa, ko kakanku malamin gidan ne, ko bara, ko maƙwabci. Da'awar tana tsayawa ne in ka iya jero suna bayan suna daga kanka har zuwa wani sarki takamaimai, kuma dattawan gidan can sun san reshenku. Kirarin maroƙi a wurin biki ba hujja ba ce, aikinsa yake yi.

Sharifta kuma lissafi yana taimakawa. Daga wafatin Annabi (SAW) a 632 zuwa yau kusan shekara 1,400 ne. In ka ba kowace haihuwa shekara 30 zuwa 35, sunaye 40 zuwa 46 ake sa ran gani. Salsala mai suna 22 tana nufin, in aka raba shekarun daidai, kowane uba ya haura 60 kafin ya haifi na gaba, sau 22 a jere. Wannan bai ƙaryata asalin ba, amma ya nuna an tsallake sunaye, kuma ba a cike su da zato.

Gwajin DNA zai raba gardama?

Kaɗan daga ciki. Yana nuna kusanci: kashi 50 cikin 100 tsakanin ɗa da mahaifi, wajen 25 da kaka, wajen 12.5 tsakanin 'ya'yan wa da ƙane. Bayan kaka biyar ko shida alamar tana dusashewa. Ba ya faɗin suna. Auren zumunci yana kumbura adadin, sai ɗan'uwa na nesa ya fito kamar na kusa. Kason da ake rubutawa na ƙabila ko yanki ƙiyasi ne, yana canzawa duk lokacin da kamfani ya sabunta ma'auninsa. A shari'ar Musulunci kuma aure ne ke tabbatar da nasaba, don haka kada ka ɗauki sakamakon gwaji ka shiga da shi maganar gado ba tare da malami ko alƙali ba. Ka kuma shirya wa abin da ba ka nema ba, gwajin yakan tono shi.

Na gano kakanmu ɗan riƙo ne, ba ɗan gidan ba. In rubuta?

A littafinka na gida, ka rubuta gaskiya. Riƙo, agolanci da tallafi duk sanannu ne, kuma Alƙur'ani a Suratul Ahzab aya ta 5 ya ce a kira su da sunan ubanninsu. Yawancin shafukan suna da wurin nuna uban haihuwa daban, uban riƙo daban. Ka yi amfani da shi.

Ɗorawa a bainar jama'a kuwa wata magana ce. Asalin bauta, wadda sai 1936 aka haramta ta gaba ɗaya a Arewa, da haihuwar da ake shakka a kanta, har yau suna iya ɓata aure. Ka shawarci manyan gida. Bayanin masu rai, kamar ranar haihuwa, sunan uwa da hoton katin shaida, kada ya hau shafi ko zauren WhatsApp, domin da irinsu 'yan damfara suke amfani.

Na tabbatar bishiyar da ke intanet kuskure ce. Yaya zan gyara?

In ta kowa da kowa ce, ka gyara, ka cika gurbin dalili: wace takarda, ko wane dattijo, a wace rana. Gyaran da ba dalili, wani zai zo ya mayar da shi yadda yake. In mutum biyu aka haɗe, ka duba tarihin canje-canjen shafin ka raba su, kada ka goge suna, domin gogewa tana yanke 'ya'ya da matan da ke rataye da shi. In ta wani ce, sai dai ka aika masa saƙo cikin ladabi tare da hoton hujjar. Yana iya karɓa, yana iya yin shiru, kuma waɗanda suka riga suka kwafa ba za su ga gyaran ba.

Naka na asali ya zauna a hannunka: littafi mai bango mai ƙarfi, kofe a kwamfuta, wani kofen a hannun ɗan'uwa a wani gari. Muryoyin da ka ɗauka ka sauke su daga waya a ranar, ka sa wa kowane fayil sunan mai magana da kwanan wata. Inda riwaya biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗe ta.